Sun cinye wannan sun bar wancan: ko hakan na nufin sun fi son sa?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce kana binciken kammala digiri a kan awaki, ka haɗa abinci iri biyu, ka zuba kowanne a kominsa ka ajiye wa garken da safe, da ka dawo da yamma sai ka tarar an cinye ɗaya tas, ɗayan kuwa ko rabi ba a ci ba. Kana so ka san ko wannan ya isa ka rubuta cewa awakin sun fi son na farkon, in kuma bai isa ba, ta wace hanya ake auna zaɓin abinci a wajen dabba har masana su gamsu.

Gaskiya bai isa ba. Abin da ka gani alama ce, kuma daga irinta bincike kan fara, sai dai akwai abubuwa da dama da kan sa komi ɗaya ya riga ɗan'uwansa ƙarewa alhali babu ruwansu da son abincin. Na daɗe ina wannan aiki da tumaki da ɓeraye, kuma abin da na fi riƙewa shi ne dabba tambayar da ka yi mata take amsawa, ko da ba ita ce tambayar da kake zaton ka yi ba. Aikinka duka shi ne gyara tambayar.

Mu fara da garken. Muddin awakin suna tare, zaɓin mai ƙarfi a cikinsu kake aunawa. Uwar garke ta tsare komin da take so, ƙanana su raɓe a ɗayan ko su jira ta ƙoshi, sannan akuya kan bi inda ta ga 'yar'uwarta ta sa baki. Don haka kowace dabba a ware mata wurinta, inda za ta riƙa gani da jin sauran amma ba za su haɗa kwano ba. Kwanukan su zama iri ɗaya a girma da launi da zurfi. Ka auna abin da ka zuba da sikeli, ka auna abin da ya rage, ka share wanda ya zube a ƙasa ka haɗa da ragowar, domin wanda aka ɓarar ba a ci ba. Ka zuba da yawa yadda babu kwanon da zai ƙare, saboda daga lokacin da ɗaya ya ƙare zaɓi ya ƙare, abin da ya biyo baya da babu gara ba daɗi ne. In ɗanye da busasshe kake kwatantawa, dole ka busar da samfurin kowanne ka yi lissafi da nauyinsa bayan an cire ruwa, ka kuma ajiye kwano na uku inda dabba ba za ta kai ba, don ka san nawa iska da zafi suka rage da kansu.

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba abin da aka ci na abinci na farko da jimillar duk abin da aka ci. Misali akuya ta ci giram 300 na farko da giram 100 na biyu, kason na farko 0.75 ke nan. In ya tsaya a 0.5, ba ta bambanta su ba.

Sai batun ɓangare, wanda shi ne ya fi kayar da masu fara wannan aiki, ni ma ya taɓa kama ni. A farkon aikina na jera tumaki a ɗakuna, kowace da kwano biyu, kwana uku a jere abincin da ke hannun dama ake cinyewa. Na yi murna ƙwarai. Ranar ta huɗu na zauna na zuba wa wata tunkiya ido. Da aka ajiye kwanukan ba ta ko sunsuni na hagu ba, ta wuce dama ta manna jikinta da shingen, tana ci tana leƙen maƙwabciyarta ta tsakanin katakai, in waccan ta ɗaga kai ita ma ta ɗaga. Da na sauya wa kwanukan wuri, sai son ya bi wurin ya bar abincin. Tunkiya ba ta son kaɗaici, kusa da 'yar'uwarta take nema. Tun daga ranar ban sake gwaji ba sai na tsara sauyin ɓangare tun a takarda: yau na farko a dama, gobe a hagu, rabin dabbobin su fara da wannan tsari, rabi da kishiyarsa. Mai ajiye kwanukan ma zai fi kyau a ce bai san wanne ne wanne ba, domin dabba tana karanta jikin mutum fiye da yadda muke zato. Dokin nan na Jamus da aka yi ta cewa ya iya lissafi, binciken Oskar Pfungst na 1907 ya nuna motsin jikin masu tambayarsa yake kallo.

Abu na gaba, ban ga ka ambaci ko awakin sun saba da abincin biyu ba. Dabbobi da yawa suna ɗari-ɗari da baƙon abinci: su ɗanɗana kaɗan, su ja baya, su jira su ga abin da ciki zai ce. Ɓeran daji ya yi suna a wannan, kuma yana da dalili, tunda ɓera ba ya iya amai, abin da ya haɗiye ya haɗiyu. Shi ya sa masu kashe ɓera kan fara ajiye abinci marar guba na wasu kwanaki kafin su sa gubar. A ɗaya gefen kuma, karnuka da kyanwowin da suka daɗe a kan abinci ɗaya sukan ruga wa sabo a kwanakin farko, daga baya ɗokin ya kwanta. Ko ta wane gefe, sakamakon ranar farko ba abin dogaro ba ne. Ka ba su kowane abinci shi kaɗai na wasu kwanaki, bi da bi, kafin ka haɗa su gaba da gaba.

Nan ne zancen ya fi zurfi, kuma nan nake so ka fi tsayawa. Mutane kan ɗauka son abinci a harshe yake zaune, kamar dabba da shi aka haife ta kuma da shi za ta mutu. Binciken kusan shekara 90 ya nuna ciki ne yake koya wa harshe. A 1936 Curt Richter na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya cire wa ɓeraye 'yan halittun nan na adirinal da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda ke taimaka wa jiki riƙe gishiri. Irin waɗannan ɓeraye ba sa daɗewa suke mutuwa, saboda gishirin jikinsu yana zurarewa ta fitsari. Da ya ajiye musu kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla ɗaya ruwan gishiri mai ƙarfin da lafiyayyen ɓera kan guje masa, sai suka dinga shan na gishirin har suka rayu. Ruwan bai canza ba, buƙatar jiki ce ta canza. Gwajin kwalba biyu da ake yi har gobe a ɗakunan bincike da aikin Richter ya yi suna. A farkon shekarun 1990 Stephen Simpson da David Raubenheimer a Oxford suka nuna makamancin haka a jikin fara: in aka ba ta abinci biyu, ɗaya furotin ya yi masa yawa ɗaya sitaci ya yi masa yawa, sai ta riƙa cin wannan ta koma wancan har ta haɗa gwargwadon da jikinta ke nema. Wanda ya leƙo ta na minti goma zai rantse ta fi son ɗaya, alhali daidaita awo take yi.

Ciki kuma yana hukunci. John Garcia ya fara lura a shekarun 1950 cewa ɓeran da ya sha ruwa mai ɗanɗanon sakarin (wani sinadari mai zaƙi) sannan aka sa shi rashin lafiya da hasken radiyeshin, yakan ƙaurace wa ɗanɗanon. A 1966 shi da Robert Koelling suka yi gwajin da ya girgiza masana halayya. Suka ba ɓeraye ruwa mai ɗanɗano, wanda kuma duk lasa ɗaya sai fitila ta haska ƙara ta tashi. Waɗanda aka sa wa ciwon ciki suka tsani ɗanɗanon, ba su damu da fitila da ƙara ba. Waɗanda aka ja da lantarki a ƙafa suka guji fitila da ƙarar, ɗanɗanon kuwa suka ci gaba da sha. Darasin kan kama a karo ɗaya tak, ko da ciwon ya zo sa'o'i bayan cin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Fred Provenza na Jami'ar Jihar Utah ya shafe shekaru yana nuna haka a tumaki da awaki: ka ba ɗan rago wani ganye, ka bi shi da ɗan gishirin litiyam mai tayar da zuciya, ya daina cin ganyen, ka ba shi abu marar amfani mai wani ƙamshi, ka zuba masa abin gina jiki kai tsaye a tumbi, sai ya fara son ƙamshin.

Abin da wannan ke nufi ga aikinka shi ne tsawon gwajin ma wani ɓangare ne na tambayar. Gwajin minti biyar ko goma hanci da harshe yake tambaya. Na kwana goma ya shigo da ciki da hanta da jini. Sau da yawa amsoshin biyu kan saɓa, musamman a ganyaye masu bauri, waɗanda akuya za ta ci da marmari a rana ta farko ta rage a ta uku. Ni a ganina mai bincike a kan dabbar kiwo bai kamata ya tsaya a gajeren gwaji kaɗai ba, domin makiyayi abin da dabba za ta ci gaba da ci ne damuwarsa. Ka rubuta abu uku daban-daban: kwanon da ta fara sunsuna, wanda ta fara ci, da jimillar da ta ci a ƙarshe.

Tarihin dabbar ma yana cikin lissafi. Ɗan rago abin da ya ga uwarsa na ci yake ci, kuma yakan riƙe wannan har girma. Bennett Galef a Kanada ya nuna a 1983 cewa in ɓera ya ci abinci mai kirfa ko mai garin cakulan, sannan aka haɗa shi da wani ɓeran na ɗan lokaci, na biyun zai fi karkata ga abin da ya sunsuno a bakin abokinsa. Saboda haka ka san inda awakinka suka fito da abin da suka tashi a kai, kada ka zuba 'yan gida ɗaya duka a rukuni ɗaya.

Yanzu a ce ka kiyaye duk wannan, awakin suka zaɓi na farko da kaso 0.9. Har yanzu ba ka san ƙarfin son ba. Mai yiwuwa dukkansu masu daɗi ne ɗaya ya ɗan ɗara, mai yiwuwa kuma dukkansu ba a so, an dai zaɓi mai dama-dama. Kwano biyu jeri yake ba ka, ba ya faɗa maka tazarar da ke tsakani. Hanyar sanin tazara ita ce a sa wa abincin wahala. A ɗakin bincike ana koya wa ɓera danna wani ɗan ƙarfe, tattabara kuma cakar maɓalli da baki, a akwatin da B. F. Skinner ya ƙirƙiro a shekarun 1930. A 1961 William Hodos ya kawo tsarin ƙarin wahala: lomar farko danni kaɗan, ta biyu a ƙara, ta uku a ƙara, har dabbar ta haƙura ta juya baya. Adadin da ta kai kafin ta haƙura shi ne ma'aunin son. A wannan shekarar dai Richard Herrnstein a Harvard ya nuna cewa tattabara mai maɓalli biyu tana raba cakarta daidai da yadda ladan kowanne yake, kuma da wannan ƙa'ida masu bincike a Niyuzilan suka auna zaɓin abinci a shanun madara a ƙarshen shekarun 1970, saniya na tura faranti da hanci. Marian Dawkins ta Oxford ta shigo da tunanin masana tattalin arziki cikin lamarin a aikinta na kaji: abin da dabba ta ci gaba da nema duk tsadarsa larura ne a wurinta, wanda ta saki da an ɗan tsananta marmari ne kawai.

Ba sai kana da kwamfuta za ka yi wannan da akuya ba. Ƙofa mai lilo wadda za ka riƙa ƙara mata nauyi ta wadatar, ko ka riƙa ƙara nisan da za ta taka kafin ta isa kwanon. Ka dai fara tabbatar da ta koyi aikin sarai, in ba haka ba wayonta kake aunawa.

Akwai kuma bambanci tsakanin nema da jin daɗi, wanda na san ba za ka auna a wannan aikin ba, amma ya kamata ka san da shi don ka iya bakinka wajen rubutu. A 1978 Harvey Grill da Ralph Norgren suka fito da hanyar ɗiga ruwa kai tsaye a bakin ɓera suna ɗaukar fuskarsa a bidiyo. In zaƙi ne, sai ka ga ɗan harshen yana fitowa yana komawa a jere, yana lasar gefen baki da tafin hannu. In kwinin ne mai ɗaci, sai ya wage baki, ya girgiza kai, ya goga haɓa a ƙasa, ya yarfa hannuwa. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya yi amfani da wannan ya nuna cewa ɓeran da aka rage wa sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa ƙwarai ba ya tashi neman abinci ko yana gabansa, amma in aka ɗiga masa sukari fuskarsa na nuna daɗi kamar kowa. Ashe ƙwaƙwalwa ta raba su gida biyu. Don haka in sikeli kaɗai ka yi aiki da shi, rubuta "sun fi ci" ko "sun fi zaɓa", ka bar "sun fi jin daɗi".

Kada kuma ka auna da harshenka. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka gano cewa ɗaya daga ƙwayoyin gadon da ke gina na'urar jin zaƙi ya lalace a jikin kyanwa, shi ya sa sukari bai dame ta ba.

Jerin da ka bi wajen ba da abincin shi ma yana taɓa sakamako, domin dabba tana sa rai. A 1928 Otto Tinklepaugh ya riƙa ɓoye ayaba a ƙarƙashin kofi biri na kallo, sannan a bayan labule ya musanya ta da ganyen latas, wanda birin kan ci lafiya lau a sauran lokuta. Biri ya ɗaga kofi ya ga latas, sai ya ƙi taɓawa, ya duba ƙarƙashin kofin da kewayensa, wani lokaci har ya juya ya yi wa mutanen tsawa. Akuyar da ta ci mai daɗi jiya za ta raina matsakaici yau. In abincinka ya wuce biyu, ka gwama su biyu-biyu, ka cakuɗa jerin yadda kowanne zai samu zuwa farko da ƙarshe.

Wani abu da nake so ka kiyaye da shi wajen fassara: wanda aka ci kaɗan ba lallai an ƙi shi ba. A Ingila an shuka wa tumaki da shanu fili biyu gefe da gefe, ɗaya ciyawa zalla, ɗaya wani tsiro dangin wake da ake kira kuloba. Da son ransu suka riƙa cin kusan kashi 70 cikin 100 na kuloba, sauran ciyawa, kuma sun fi cin kuloba da safe su karkata ga ciyawa da yamma, alhali kuloban bai ƙare ba. Gauraye suke so. Abu ɗaya kan ginshi dabba kamar yadda yake ginsar mutum. Wannan kuma ya nuna maka lokacin da ka yi gwajin a yini yana da tasiri, sai ka tsayar da sa'a ɗaya kullum. In wata rana ka fita da aikin zuwa makiyaya, inda ba kai ka zuba abincin ba, dole ka kwatanta abin da aka ci da abin da ke akwai. Ma'aunin masanin kifi ɗan Rasha, Ivlev, shi ne mafi sauƙi: kason abu a cikin abin da aka ci, a debe kasonsa a filin, a raba da jimillar biyun. Amsar kan faɗo tsakanin -1 da +1, sifili na nufin ana cin sa ne gwargwadon yawansa kawai.

Wajen lissafin ƙididdiga, akuya ita ce ɗaya, ba kwana ba. Akuya huɗu a kwana goma huɗu ne, ba arba'in ba. Ka fitar da matsakaicin kason kowace akuya, sannan ka gwada ko kason garken ya bambanta da 0.5. Kada ka ɗauki abin da aka ci a kwanon dama da na hagu kamar ba su da alaƙa, ciki ɗaya suke shiga. Kuma ka nuna sakamakon kowace dabba a jadawali, domin in rabi sun rungumi na farko rabi na biyu, matsakaicin zai ce maka babu zaɓi, alhali kowace tana da nata mai ƙarfi.

Game da yunwa, ina roƙonka ka sassauta. Dabbar da yunwa ta gallaba komai ta samu ci take, sai bambancin ya ɓace, ga wahalar da ka ɗora mata a banza. Wadda ta ƙoshi kuma ba za ta kula kwanukanka ba. Ɗan jinkirta abincin safe ya isa, ruwa kuwa kada ya yanke. Ka nemi izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi na makarantarku kafin ka fara, kuma duk akuyar da ta daina ci ko ta fara zawo ka cire ta.

Zaɓin dabba yakan faɗi abin da ido bai gani ba. A wani bincike na Jami'ar Bristol da aka wallafa a 2000, an ba kajin nama abinci kala biyu, ɗaya da maganin rage zafin ciwo a ciki. Masu ɗingishi suka fi lafiyayyu cin mai maganin, kuma gwargwadon tsananin ɗingishin gwargwadon abin da suka ci. Duk da haka zaɓi ba ya tabbatar da amfani: tunkiya ko akuya in ta samu hatsi a sake za ta iya cin da zai tsamar mata da tumbi har ya kashe ta. Shi ya sa nake ba ka shawarar ka riƙa auna nauyin awakin duk mako tare da gwajin zaɓin.

In ni ne a matsayinka, zan ware akuya goma zuwa sha biyu masu kusan shekaru da nauyi ɗaya, mako guda na sabo da ɗaki da abincin biyu, sannan kwana shida zuwa takwas na kwano biyu da sauyin ɓangare kullum, ina auna ragowa bayan minti talatin da kuma bayan sa'o'i huɗu. Abincin da ya yi nasara a nan sai in kai shi gwajin ƙofa mai nauyi, in ga kilo nawa akuya za ta tura dominsa, kilo nawa kuma za ta tura domin abincin da ta saba da shi.